Faɗuwar da Na Shekara Ina Gudu

A Tudun Wadar Zariya aka haife ni a 1978, ni ne auta a ɗakinmu, kuma tun ina ƙarami ƙafata ba ta san zaman gida ba. In farin wata ya fito aka tashi langa a ƙofar gida, ni ake sawa ruwa, don in na kama ƙafa ɗaya na fara tsalle, kafin a kai ni ƙasa an yi gumi. Ranar da babu makaranta kuwa sai mu ari kekuna mu nausa Kufena, mu hau dutsen har can sama inda ake hango gari. Inna ta yi faɗan, ta yi dukan, har ta gaji ta koma addu'a.

Ina ɗan shekara 17, cikin daminar 1995, na faki idon yayana na ɗauki babur ɗinsa. Wajen Kwangila wata mota ta ci burki a gabana, titi a jiƙe, gwiwata ta dama ta daki bayanta. Ƙashi bai karye ba, amma kan ƙashin cinya ya fice daga gurbinsa a kwatangwalo, ƙafar ta gajarce ta karkace ciki. Babban asibiti yana nan kusa da mu, amma a lokacin abin da kowa ke faɗa shi ne in ka kai ƙashi asibiti yanke ƙafa za su yi. Aka aika ƙauye kiran mai ɗori. Bai iso ba sai washegari bayan la'asar. Ƙarti huɗu suka danne ni, ya ja ya murɗa, na ji ƙarar komawar ƙashin har tsakar kaina. Na yi wata biyu a kwance, na miƙe na ci gaba da harkokina, kowa na cewa hannun mutumin nan da albarka yake.

Ba na zargin iyayena, abin da suka sani suka yi. Sai bayan shekara ashirin da ɗoriya likita ya fahimtar da ni cewa gocewar kwatangwalo ba ta jiran gobe. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya sirara ne, in ya daɗe a waje sai su matse ko su tsinke, shi ya sa likitoci ke so a mayar da shi cikin awa 6. Nawa ya kwana ya wuni a waje.

Na yi digiri a Samaru, na yi hidimar ƙasa, na ɗan taɓa aiki a Kaduna. A 2006 Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu a Trondheim, a ƙasar Norwe. Wai shekara biyu na zo yi, ga shi har na ajiye iyali.

Hunturun farko ya kusa kora ni gida. Sanyin da sauƙi, sutura na maganinsa. Duhun ne ya fi ƙarfina. A Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe 10, kafin 3 na yamma ta faɗi. Ka yi azahar, kafin ka naɗe sallaya la'asar ta yi, kafin shayinka ya huce an yi magariba. Wani dattijo maƙwabcina ya lura da yadda na koma daga ɗaki sai aji, ya kawo min tsofaffin allunan zamiyarsa ya ce in shirya ranar Lahadi.

Da yawa in an ce zamiya a kan dusar ƙanƙara abin da suke gani a talabijin suke tunawa, mutum ya sulalo daga ƙololuwar tsauni kamar kibiya. Akwai wannan, amma wanda ya shiga jinin mutanen Norwe tafiya ce ta cikin daji. Alluna biyu ne sirara, kowanne ya ɗara tsayin mutum, a bakin takalmi kawai ake maƙala su, dunduniya a sake, sai sanda biyu a hannu. Wata mota takan bi hanyoyin dajin ta tsaga layi biyu a dusar kamar layin dogo, kai kuma ka sa ƙafafunka ciki kana turawa kana sulalawa. Dajin da ke yamma da garin, Bymarka, cike yake da irin waɗannan hanyoyi, wasu har da fitilu don masu fita bayan an tashi aiki. Ranar farko na faɗi ya fi sau 20, yara 'yan shekara huɗu suna wuce ni suna waiwaye. Mutanen ƙasar dama cewa suke yi da allon a ƙafa ake haifarsu. Amma da muka tsaya shan shayi a wata bukka, na leƙa na ga itatuwa sun yi fari fat, ko tsuntsu ba ya motsi, sai na ji irin abin da nake ji a saman Kufena.

Abin ya shiga raina ba kaɗan ba. A Maris 2015 har na shiga tseren Birkebeiner, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer ta kan tsauni, kowa goye da jaka mai kilo 3.5, a madadin jaririn ɗan sarki da wasu mayaƙa biyu suka tsere da shi ta wannan yanki a 1206. Na fi awa 6 a hanya, na iso cikin 'yan baya, amma hoton ranar yana nan a falona. Da na aika wa Inna, cewa ta yi Yaya ya tambaye ni ko biyana ake yi.

Shekara biyu bayan nan ciwon ya fara, a matsematsi, yana sauka har gwiwa. Na yi wata uku ina shafa wa gwiwa magani alhali ita lafiyarta ƙalau. Sa safa a ƙafar dama ya zama aiki. Zaman tahiya ya gagara, in na zauna sai in karkace kamar mai shirin tashi. Da aka ɗauki hoton ƙashi, likitar ta nuna min ɓangaren hagu, ga 'yar tazara tsakanin kan ƙashi da gurbinsa, ta ce nan ne guringuntsi yake. A dama tazarar ta kusa ƙarewa, kan ƙashin ma ya baje kamar curin furar da aka danne. Ta tambaye ni ko na taɓa yin hatsari. Sai da na yi jim kafin na tuna da babur ɗin Yaya.

Shekara biyar na yi ina wasan ɓuya da tiyata, kuma a duk labarin nan su ne na fi yin nadama a kai. Dalilina na fili shi ne shekaruna 39 kacal, gaɓar ƙarfe ba ta dawwama, wanda aka sa wa da wuri zai koma a sake masa. Gaskiya ce, likitocin ma sun faɗa. Amma na ɓoye tsoro ne da girman kai. A gida in za a ce an sa wa wane ƙarfe a jiki, sassauta murya ake yi kamar ana ta'aziyya. Na ɗauka ranar da aka yanke min ƙashi, ranar na zama tsoho. Sai na yi ta maza. Ƙwayar kashe ciwo safe da yamma, har ta fara taɓa min ciki. Na bar ƙwallon da muke bugawa da 'yan'uwa 'yan Afirka ranar Asabar, na ce aiki ne ya yi yawa. Zamiya ta sauka daga kilomita 20 zuwa 10, zuwa 3, zuwa tsayuwa a jikin mota ina jiran yara su dawo. A masallacin Juma'a na fara jan kujera ina zama ƙarshen sahu cikin dattawa. Barci ya ƙaurace min, na zama mafaɗaci, har yarana suka iya gane irin ranar da za a yi a gidan daga jin takuna a matakala.

Wani dare a farkon 2022 uwargida tana yanke min farcen ƙafa, don ni hannuna ba ya kaiwa, ta ɗago ta ce, "Abban yara, tsufan da kake gudu a hannun likita, ai ga shi ka kawo mana shi gida da kanka." Ban tanka ba. Da gari ya waye na buga waya asibiti.

Likitan tiyatar bai ɓoye min komai ba. Ya ce aikin ba sabo ba ne, tun 1962 wani likitan Ingila, John Charnley, ya ɗora shi a kan turbar da ake bi, kuma a Norwe tun 1987 ake rubuta duk kwatangwalon da aka sa a wani kundi a Bergen, ana bin sawun wanda ya daɗe da wanda ya lalace. Ya kawo min binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2019, cewa cikin kowane 100 kusan 58 ne ke kaiwa shekara 25. Ya ce ni ina da 44, in yi lissafi da kaina. Ya jero abin da kan iya biyo baya: ƙwayar cuta ta shiga wurin, jini ya daskare a jijiya, ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya, ko sabuwar gaɓar ta goce. Na tambaye shi zamiya fa. Ya ce wanda ya iya tun da, ba ya hana shi bin layi a daji, gudu a kan kwalta da ƙwallo ne ba ya so. Amma ba bana ba.

Inna kuwa da na sanar da ita, cewa ta yi, "Auta, in Allah ya tashi kafaɗunka, ka yi wa girman Allah ka rabu da ƙanƙarar nan. Abin da aka yi wa gyara lallaɓa shi ake yi." Na ce to, Inna.

A Oktoba 2022 aka yi aikin. Allura aka yi min a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu murus. Ban yi barci sosai ba, ina jin zarto da bugun guduma kamar a shagon kafinta, ni kuma ina ta salati. Ta baya suka shiga, wajen ɗuwawu. Suka yanke kan ƙashin, suka kafa ƙarfen titaniyom cikin ƙashin cinya da ƙwallon tangaran a bisansa, gurbin kuma suka sa masa ƙoƙon ƙarfe da roba mai tauri a ciki. Ba a sa siminti ba, jikin ƙarfen kaushi gare shi, ƙashina ne zai tsiro ya kama shi a hankali. Da yammar ranar aka tsayar da ni. Zafin yanka yana nan, amma cizon nan da na shekara biyar ina kwana da shi, babu shi babu dalilinsa. Hawaye suka zubo min, ma'aikaciyar jinya ta ɗauka zafi ne. Kwana biyu aka sallame ni.

Sharaɗi uku aka kafa min na watannin farko: kada cinya ta matso ciki fiye da yadda take a zaman kujera, kada in harɗe ƙafafu, kada in murɗa ƙafar ciki. Ga Bature wannan magana ce ta doguwar kujera da ƙarin tsawon masai da abin sa safa. Ga Bahaushe kuwa an taɓa rabin rayuwa, sujada da zaman tahiya da zaman tabarma da tsuguno. Mai gashin ƙashin da aka haɗa ni da ita ba ta taɓa ganin salla kusa da kusa ba. Na yi ta kwatance ta kasa ganewa, sai na zo da ɗana ɗan shekara 11 ya kwatanta mata raka'a biyu a kan shimfiɗar motsa jikinsu, ita tana durƙushe tana duba yadda cinyarsa ke juyawa. Ta ce ruku'u ba laifi in ban zarce ba. Sujada sai bayan wata uku, in ware gwiwoyi, in fara zura ƙafar da aka yi wa aiki baya kafin in sauka. Zaman tahiya irin namu, da ake zama kan ɗuwawun hagu a kafe ƙafar dama, shi ta fi tsoro, don yana murɗa cinyar dama ciki. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Na san babu laifi a kaina. Amma shekara uku ke nan rabon goshina da ƙasa, kuma sanin hukunci bai rage min kewar ba. Asubar da na yi sujadar farko, a ƙarshen Janairu 2023, na daɗe ban ɗago ba har uwargida ta taɓa kafaɗata ta ji ko lafiya.

A wajen gashi na biya bashin jinkirin da na yi. Tsokar gefen ɗuwawu, wadda ke riƙe ƙugu in mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya, ta shanye saboda shekarun ɗingishi. Aka ce in tsaya da ƙafar dama kaɗai. Ni da nake ruwa a langa, daƙiƙa 5 suka gagare ni. Ragowar hunturun da ƙusoshi a ƙasan takalmi da bakin sanda na yi shi, kamar tsofaffin unguwa. Da dusa ta narke na koma tafiya da keke da iyo, a hankali ɗingishin ya tafi.

A Agusta na je gida. Na shiga ɗakin Inna zan tsuguna in gaishe ta, jiki ya ƙi, sai na durƙusa da gwiwa ɗaya. Ta sa ni na ratsa tsakar gida sau biyu tana kallon ƙafafuna, sannan ta ce, "Da mun sani da asibitin muka kai ka." Shekara 28 ban taɓa jin ta ɗauko zancen ba, ashe yana ranta. Kafin na dawo na hau Kufena da 'ya'yan Yaya, ta ɓangaren da ya fi sauƙi, suna jirana a kowane tudu.

A Disamba 2023 hoto ya nuna ƙashi ya kama ƙarfe gam, tsoka ta dawo, likita ya ba ni izini. Na sayi alluna masu ɗan faɗi, masu gashin akuya a ƙasa don kada su zame baya, na nufi Bymarka da murnata. A miƙaƙƙen wuri komai lafiya lau. Sai na iso wata 'yar gangara wadda yara ke sauka suna hira. Mai son rage gudu a gangara fita yake yi daga layi, ya haɗa bakin allunan ya ware bayansu, gwiwa a lanƙwashe, cinya a murɗe ciki. Wato daidai abin da aka yi watanni ana ja min kunne a kai. Kaina ya san an ɗage dokar, jikina bai samu labari ba. Na tsaya kamar an dasa ni, zufa na karyo min cikin wannan sanyi, ba abin da nake ji a kunnena sai ƙarar ƙashin nan ta 1995. Na kwance allunan na saɓa a kafaɗa na sauka da ƙafa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Wata biyu na yi ina zagaye wani fili mai kilomita ɗaya kamar akuyar ɗaure, in an tambaye ni a wurin aiki in ce ai na koma zamiya. A bukkar shan shayi na haɗu da wata tsohuwa da ta haura saba'in, ta ce ita duka biyun aka canza mata. Ta tambaye ni ko na faɗi tukuna. Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce to ban fara ba ke nan. Maganar ta ba ni haushi, amma ita ta mayar da ni wurin mai gashi na ce ta koya min faɗuwa. Mako uku muna yi a kan katifa: kada in yi kokawa da faɗuwar, in saki jiki gefe, in na kwanta kada in yi garajen tashi allunan suna harɗe, in daidaita su tukuna, in koma kan hannu da gwiwa, in abin ya cakuɗe in kwance su kawai.

Wata Lahadi a Fabrairu 2024 dusa ta kwana tana zuba, ƙasa ta yi laushi kamar auduga. Na ɗauki 'yata 'yar shekara 9 muka je gangarar nan. Na yi bisimilla na saki jiki. Na ci rabi lafiya, a kwanar ƙasa allon hagu ya nutse, sai ga ni tim a kan ɓarin dama, daidai kan tabon. Na kwanta ban motsa ba, ina jiran ƙarar. Shiru. Na motsa yatsun ƙafa, suka motsa. Na lanƙwasa gwiwa a hankali, ta lanƙwasu. Ba abin da ya same ni sai dusar da ta cika min wuyan riga. Yarinyar ta tsaya a kaina ido waje ta ce, "Abba, ƙarfen ya fito?" Dariyar da ta kama ni a kwancen nan, rabona da irinta har na manta. Na tashi yadda aka koya min, muka koma sama, na sake saukowa sau uku.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka faɗuwa ba komai ba ce. Wanda ya faɗi a kan daskararriyar ƙanƙara yana iya karya ƙashin da ke kewaye da ƙarfen, gyaran wannan kuwa ya fi aikin farko wuya. Shi ya sa ranar da hanya ta daskare ba na fita, gangarar da ban sani ba kuma in ta yi tsayi, kwance alluna nake yi in taka da ƙafa, ko wa ke kallo. Ƙwallo na bar ta har abada, haka sulalowa daga tsauni a Oppdal da nake yi jefi-jefi. Kilomita 10 zuwa 15 nake yi yanzu, ba gaggawa. Birkebeiner ne har yau yake min ciwo. Ranar 8 ga Maris 2025, muna cikin azumi, na tsaya a bakin hanya a Granåsen, filin gasar zamiya na Trondheim, tare da yara muna kallon ɗan garin nan, Johannes Klæbo, yana cin tseren kilomita 50, zinarensa na shida a gasar zamiya ta duniya ta wannan shekarar. Kowa na ihu, ni ina lissafin ko kilomita 54 za su yiwu in na bi a sannu. Da na faɗa wa uwargida, kallon da ta yi min ya wadatar. Na san kuma wata rana robar nan za ta cinye ko ƙarfen ya saki, in Allah ya ja kwana sai na sake kwanciya a gadon tiyata.

Inna ta gano na karya alkawari, 'yar tawa ce ta tura wa 'yan'uwanta hoton gida. Na yi ta jiran faɗa, ba ta ce komai ba. Sai kwanakin baya ta kira ni da sassafe, ta ce wani yaro a layinmu ya faɗo daga acaɓa ƙafarsa ta gajarce ta karkace, har an tashi ɗan aike zuwa ƙauye. Ta dogara sandarta ta shiga gidan, ta ce ba inda za ta sai an sa shi a mota an kai shi asibiti, kuma a gabanta aka sa shi. Ta gama ba ni labarin, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Auta, shi ƙarfen, in ka shiga ƙanƙarar nan, ba ya yi maka sanyi a ciki?"